Daga Kududdufin Unguwarmu Zuwa Tafkin Kivu

Ranar da na je yi wa Hajiya sallama, na ce mata zan tafi Ruwanda gasar motsa jiki. Tana zaune a kan darduma da carbi a hannu, ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Da ruwa a ciki?" Na ce e, akwai. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Na san abin da ya faɗo mata a rai, don ni ma shi ne a nawa. Ina ɗan shekara tara, a wata damina, abokin wasana ɗan maƙwabtanmu ya shiga kududdufin bayan unguwa, sai washegari aka fito da gawarsa. Tun daga ranar aka yi mana iyaka da ruwa a gidanmu. Na girma a Kano, na yi aure, na haifi 'ya'ya biyar, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Da ta gama shirunta sai ta ce, "To, Allah Ya tsare. Ka yi bisimilla kafin ka shiga."

Hawan jini ne ya jawo ni cikin wannan harka. Ina da shekara 45 likita ya nuna mini abin da na'urarsa ta rubuta, ya ce in ban fara motsa jiki ba magani kaɗai ba zai riƙe ni ba. Na fara da tafiya bayan sallar asuba, tafiya ta zama sassarfa, daga baya na sayi keke. Ruwa ne ya rage, kuma shi nake gudu. Sai da na cika 46 na je wurin ninƙaya na wani otal, inda wani saurayi sa'an ɗan farina ya karɓe ni. Wata uku ya yi yana koya mini abu guda: in fitar da numfashi a cikin ruwa, in shaƙa a waje. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Alhaji, saki jikinka. Idan ka ƙanƙame, nutsewa za ka yi."

Gasar da na nufa ita ce tirayatilon, wato wasanni uku a jere ba hutu a tsakani: ninƙaya, tseren keke, sannan gudu. A San Diego ta Amurka aka fara ta a 1974. A 1978 mutum 15 suka yi doguwarta a tsibirin Oahu na Hawai, wadda ta zama Ironman, kuma tun 2000 take cikin wasannin Olamfik. Wadda na yi rajista rabin doguwar ce, ana ce mata Ironman 70.3, saboda jimillar nisanta mil 70.3 ne, kilomita 113 ke nan: kilomita 1.9 a ruwa, 90 a kan keke, 21.1 a ƙafa. A watan Agustan 2022 aka fara yin ta a Ruwanda, a garin Rubavu da ke bakin Tafkin Kivu. Shekarata 48 a lokacin. Ga irinmu da ba sana'armu ba ce, abokin karawa na gaskiya agogo ne. Awa ɗaya da minti goma ake ba ka ka fito daga ruwa, awa biyar da rabi daga farawa ka sauka daga keke, awa takwas da rabi ka gama duka. Ka wuce ɗaya daga ciki, ba ka cikin waɗanda suka kammala.

Shirin ya ci wata takwas, azumi na ciki. A watan azumi sai bayan tarawi nake gudu, keke kuma na ajiye shi sai ɗan kaɗan kafin shan ruwa. Babbar matsalata ita ce Kano shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. In ka cire Dala da Goron Dutse, sai ka yi kilomita 50 ba ka sauya giya ba. Don haka sau uku na ɗora keken a mota na tafi Jos, in ɗanɗana hawa.

Daga Legas na tashi, keken a kwance cikin akwati, an cire ƙafafunsa da feda da sirdi. A filin jirgin Kigali ba a nemi kuɗin biza ba, don 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka ana ba su ta kwana 30 kyauta a bakin shiga. Ledar da na naɗe takalmana kuwa sai da na rabu da ita, domin tun 2008 aka haramta leda a ƙasar. Na gyara agogona, suna gaba da mu da awa ɗaya.

Hanyar Kigali zuwa Rubavu ba ta wuce kilomita 160 ba, amma ta ci mana kusan awa huɗu. Daga fita gari ake fara hawa, kuma ba a daina lanƙwasa ba har muka isa. Ba banza ake kiranta ƙasar tuddai dubu ba. Ko'ina an nome, daga gindin tudu har ƙoƙuwarsa, ayaba da wake da dankalin Turawa. Da muka doshi Musanze sai ga manyan duwatsun aman wuta sun toshe arewa, Karisimbi wanda ya fi su tsawo, mita 4,507, ya sa kansa cikin gajimare.

Amma ba duwatsun na fi kallo ba, masu keke na fi kallo. Keken ƙarfe ne baƙi mai giya ɗaya, irin wanda kakanninmu suka hau. Na ga wani ya ɗaure buhu uku na dankali a bayansa, ya sauka yana turawa a kan tudu, goshinsa kusan a kan kan keken, silifas a ƙafarsa, jijiyoyin ƙwaurinsa sun fito kamar igiya. Da ya kai sama ya haye ya gangara da gudun da sai da direbanmu ya kauce masa. Wasu garwar madara suke ɗauka, wasu fasinja a kan kujerar soso. Na juya na dubi akwatin kekena mai giya 22, wanda ko kilo tara bai kai ba. Abin da zan yi rana ɗaya a ba ni lambar yabo, shi suke yi kullum don tuwon dare. Wannan mutumin mai dankali bai bar zuciyata ba har ranar gasa.

Rubavu, wanda tsofaffi ke kira Gisenyi, manne yake da Goma ta Kwango. Kan iyaka a cikin gari yake, mata na tsallakawa da kaya a ka kamar masu zuwa kasuwar unguwa. A bayan Goma dutsen Nyiragongo yake, wanda ya yi aman wuta a watan Mayun 2021, girgizar ƙasar da ta biyo baya ta tsattsaga gidaje har a nan Rubavu. Garin na da Musulmi da masallatai, don haka abinci da salla ba su ba ni wahala ba. Da dare na ci sambaza, ƙananan kifin tafkin da ake soyawa su yi ƙarau, ana cinye su har kai.

Da yamma na sauka bakin tafkin ni kaɗai. Ban taɓa ganin ruwa mai kyau da ban tsoro irinsa ba. Yana kwance a tsayin mita 1,460 daga teku, zurfinsa a wani wuri ya kai kusan mita 480. Babu kada, babu dorina. Abin da ke ƙasansa iskar gas ce mai ɗimbin yawa da nauyin ruwa ya danne, har Ruwanda na zuƙo ta tana samar da lantarki. Irin wannan tafki ne Nyos na Kamaru, wanda iskarsa ta tashi a 1986 ta hallaka mutum sama da 1,700 a dare ɗaya. Ina tsaye ina wannan tunani sai masunta suka fito, kwalekwale uku-uku a haɗe da dogayen sanduna, suna tuƙi suna waƙa murya ɗaya, za su kwana a kan ruwa da fitilu. Na tuɓe takalmi na shiga har ƙugu, na tsaya har numfashina ya daidaita.

Ranar gasa na tashi ƙarfe huɗu, na ci ayaba da burodi da shayi, na yi asuba, na tafi inda aka jera kekuna. Rigar gasar ɗaya ce tun daga ruwa har ƙarshe, na zaɓi mai kaiwa gwiwa. An ɗaura mini 'yar na'urar ƙidayar lokaci a idon sawun hagu. Da layi ya zo kaina na yi bisimilla kamar yadda aka umarce ni, na shiga.

Mita 200 na farko lafiya lau. Daga nan yashin da nake gani a ƙasa ya ɓace, ruwan ya koma kore, sannan baƙi. A wurin da na koya akwai layi a ƙasa da kake bi, akwai bango kowane ɗan taƙi. Nan babu komai. Wani ya haure ni a fuska ba da gangan ba, gilashin idona ya karkace, na shaƙi ruwa. Ƙirjina ya kulle. Wallahi fuskar yaron nan ce ta zo mini, yadda aka shimfiɗe shi a zaure an rufa masa zane. Na ɗaga hannu. Wata yarinya a ƙaramin kwalekwale ta matso, na kama bakinsa. Doka ta yarda ka riƙe ka huta, muddin ba a ja ka gaba ba. Ta tambaye ni da Turanci ko zan fita. Na kasa magana, na girgiza kai. Ta ce, "Komera." Daga baya na ji ma'anarsa: ka ƙarfafa, ka daure. Na gyara gilashi, na sa fuska a ruwa na busar da numfashi sau uku kamar ranar farko a wurin saurayin nan, na saki kwalekwalen. Daga nan ban ƙara duban ƙasa ba. Ƙirga hannu nake, in na kai goma in ɗaga kai in nemi jar alamar da ke gaba. Minti 58 na yi. Da tafin ƙafata ya taɓa yashi hawaye ne suka zubo, ban kuma ɓoye su ba.

A wurin sauya kaya sai ka ɗaure hular kwano kafin ka taɓa keke, in ba haka ba a hukunta ka. Haka kuma an hana ka lafe a bayan wani ya tare maka iska, sai ka bar tazarar mita 12. Wannan doka ba ta dame ni ba, don tuddan sun warwatsa mu tun da wuri. Jos ta taimake ni, amma ba ta gaya mini duka ba. Akwai hawan da na sa giya mafi sauƙi, na tashi tsaye a kan feda, amma agogon keke na nuna kilomita bakwai a awa. Iskar wurin ba ta cika ƙirji kamar ta gida. Gonakin shayi sun rufe tuddai kore shar, mata da kwanduna a baya suna tsinka, yara sun yi layi a bakin hanya suna tafi suna ta "Komera! Komera!" Wani ɗan yaro mara takalmi ya bi ni a guje kusan rabin tudu yana dariya, muna tafiya kafaɗa da kafaɗa.

A wajen kilomita 60 sarƙa ta zame. Na sauka na mayar da ita, hannuna ya yi baƙi da mai, cinyata ta dama ta ɗaure tamau da na zo hawa. Na tsaya na lasa gishirin da na ƙulla a aljihu, na sha ruwa. A nan ne na yi lissafi na ga abin da ya rage mini ba shi da yawa. Na tuna mai dankali da goshinsa a kan keke. Na hau. Gangaren da ya biyo baya shi ya cece ni, ko da yake yatsuna sun yi tsami saboda matse birki. Na ajiye keke saura minti goma a rufe.

Gudun ba shi da labari mai yawa, wahala ce zalla. Duk wanda ya sauko daga keke bayan awa huɗu ya san yadda ƙafa ke zama kamar ta aro. Rana ta take. Na tsara wa kaina in yi gudu daga wurin shan ruwa zuwa na gaba, in taka a hankali in sha, in zuba sauran a ka. A kilomita na 14 na riski wata Baturiya mai furfura, da ganinta ta girme ni da shekara goma ko fiye. Ba mu yi magana ba. In na rage gudu sai ta yi mini alama da hannu, in ta rage ni ma in yi mata. Haka muka ja juna har muka fara jin lasifika. Na taka jan kafet ɗin ƙarshe agogo na nuna awa takwas da minti 14. Waɗanda suka zo na farko sun daɗe da yin wanka sun ci abinci, amma 'yan sa-kai na nan tsaye a rana, suka rataya mini lambar a wuya da murna kamar ni na ci gasar.

Na koma masauki na yi wanka, na haɗa azahar da la'asar a zaune, don gwiwoyina sun ƙi lanƙwasuwa. Uwargida ta riga ta ga sakamakon a waya, yara na ta ihu a bayanta, ƙaramar tana cewa, "Baba, ka zo mini da kifi!" Sannan na kira Hajiya. Ba ta tambayi na nawa na zo ba, ba ta tambayi keke ko gudu ba.

"Ka fito daga ruwan?"

"Na fito, Hajiya."

"Alhamdu lillahi. Zurfinsa fa?"

A lokacin ne na faɗa mata. Ta yi salati, ta sake yin shiru irin na ranar sallama. Can sai ta ce idan na dawo in kai jikokinta wurin yaron nan da ya koya mini, dukkansu, har matan.