Alhamis, 23 ga Disamba, 2021: yau kowa sai ya ga kwalba

Jiya hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa (NPHCDA) da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna (NAFDAC) suka lalata allurar rigakafin korona ta AstraZeneca sama da miliyan ɗaya a Abuja saboda wa'adinta ya cika. Kafin gari ya waye hoton katafilar da ke murƙushe kwalayen ya zaga WhatsApp, sai dai da wani bayani daban: wai wadda ake yi wa mutane ma lalatacciya ce. Da wannan maganar muka tarar da unguwar da aka tura mu aikin rigakafi yau a cikin birnin Kano.

Aiki ya fara tun ƙarfe bakwai da shirya akwatin sanyi. Allurar tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma daskarewa ta fi zafi saurin kashe ta. Don haka ba a ɗauko robar ƙanƙara daga firiza a jefa akwati kai tsaye. Ana jera su a kan tebur har sai an girgiza an ji ruwa yana motsi a ciki. Da hunturu wannan jiran yana tsawo, kuma a nan mai gaggawa yake yin ɓarna: kwalbar da ta jingina da busasshiyar ƙanƙara ta daskare, ido ba zai gane ba bayan ta narke, a yi wa mutum goma allurar da ba ta da amfani.

Kafin a shimfiɗa tebur mun zauna da mai unguwa da mai shelarsa. Abin da mai shelar ya saba faɗa shi ne: a fito a karɓi allura, kyauta ce, ba ta komai. Na ce wa mai unguwa, ranka ya daɗe, a cire "ba ta komai". Tana yin wani abu. Damtse yana ciwo, wasu su yi zazzaɓi, ciwon kai ko kasala na kwana ɗaya zuwa biyu. Wanda aka ce masa ba ta komai, ya kwana yana rawar sanyi, gobe shi ne zai hana gidansu da majalisarsu fitowa, kuma yana da gaskiyarsa, domin ƙarya aka yi masa. Wanda aka gaya wa tun farko, farasitamol zai sha ya kwanta. Muka kuma sa aka ƙara lokaci a cikin shelar, daga ƙarfe tara zuwa azahar, saboda kwalba ɗaya ta mutum goma ce, kuma da zarar an huda ta awa shida kawai gare ta. Idan mutane suna zuwa ɗai-ɗai har la'asar, ko dai a riƙe su suna jira su fusata, ko a buɗe kwalba a zubar da rabinta. Duk kwalbar da aka buɗe, a jikinta ake rubuta lokacin.

Wani dattijo ne ya fara tambayar da kowa ya zo da ita. Amsar da ta yi aiki ba doguwa ba ce: Baba, ga kwalbar, a karanta maka ranar da ke jikinta. Jikansa ya karanta. Sannan aka yi masa bayani cewa waɗanda aka lalata sun iso ƙasar ne wa'adinsu ya kusa cika, kuma lalata su a bainar jama'a shi ne shaidar ba a kai su jikin kowa ba. Daga nan muka mai da abin ƙa'ida, duk wanda ya zauna a nuna masa kwalba da sabon sirinji a cikin ledarsa kafin a yage. Rabin mililita ake ja, a yi a tsokar damtse, sirinjin ya kulle kansa, a jefa shi a kwalin tsaro ba tare da an mayar da murfin allurar ba.

Maganar hana haihuwa ta taso daga ɓangaren mata, kamar kullum. Ban yarda a yi wa mai wannan tambayar dariya ko tsawa ba. A wannan garin aka gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 lokacin sanƙarau na 1996, goma sha ɗaya suka rasu, kuma a nan aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 har sai 2004. Mai shakka a Kano yana da abin da yake tunawa. Abin da ke buɗe kunne shi ne a amsa cewa wancan ya faru, sannan a nuna bambanci: wannan ba gwaji ba ne, NAFDAC ta amince da ita, irinta aka yi wa Shugaba Buhari a watan Maris, kuma babu wanda za a yi wa sai da yardarsa. A kuma tuna musu cewa ɗigon shan innan da aka guje wa a lokacin shi ya kai Afirka ga samun shaidar rabuwa da ƙwayar cutar ta asali a watan Agustan 2020. Idan mace ce ma'aikaciya ta yi wannan bayanin a zaure ko a tsakar gida, ya fi shiga.

Bayan allura kowa ya zauna aƙalla minti goma sha biyar. Ana yawan raina wannan zaman, alhali shi ne lokacin da mummunan ƙin jinin magani yake bayyana idan zai zo: kumburin fuska, sarƙewar numfashi, jiri. Don haka adirinalin, maganin gaggawa na wannan matsalar, yana kan tebur, rabin mililita a cinya ga babba, ba a cikin jaka a mota ba. Yau ba mu buƙace shi ba, alhamdu lillahi. A wannan zaman muke faɗin sauran saƙon. Kariya ba ta kankama sai bayan kamar mako biyu. Allura ɗaya ba ta wadatar ba, ranar ta biyu tana rubuce a kati, a karanta wa wanda ba ya karatu, a haɗa masa ita da wata ranar kasuwa ko kwanan watan Musulunci da zai riƙe. Ciwon kai mai tsanani da ya ƙi sauka, ganin dishi-dishi, kumburin ƙafa ko ciwon ƙirji daga kwana huɗu zuwa wata guda, asibiti ake zuwa da kati a hannu, ba kemis ba. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma ɓoye shi ba daidai ba ne.

Wani matashi ya ce to mene ne amfaninta tunda masu allura ma suna kamuwa da Omikron, sabon nau'in korona? Tambaya ce mai kyau. Suna kamuwa, babban aikinta shi ne rage kwanciya asibiti da mutuwa, musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini. Shi ya sa takunkumi yana nan, ya rufe hanci da baki ba haɓa ba, da wanke hannu da sabulu na daƙiƙa ashirin, da buɗe taga ko da ana sanyi. Wanda ya cika wata shida da allurarsa ta biyu kuma, tun 10 ga wannan watan aka buɗe ta ƙari.

Kwalba uku muka buɗe, ta ukun saura mutum biyu lokacinta ya cika, muka ware ta aka rubuta. Gobe Juma'a. Na kai wa liman takarda mai layi huɗu da ajami, na ce Allah gafarta Malam, a taimaka a karanta bayan sallah. Ya ce a ƙara masa wurin da za a zauna da ƙarfe nawa, aka ƙara.