Ƙishirwa a Kan Teku: Abin da Ya Same Mu a Tsibiran Cape Verde

Tun da na dawo Yawuri samari suke tambayata yadda rayuwa take a jirgin shaƙatawa na Turawa, irin mai tafiya da ƙarfin iska, domin hotunan farin yashi da shuɗin ruwa da suke gani a waya sun sa suna zaton hutu ne zalla. Akwai daɗi, ban musa ba, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwan sha, kuma har yau idan na tuna raina yakan ɓaci.

A Dakar na sami aikin, a matsayin yaron jirgi mai jan igiya, sakin anga da girki. Muka nufi Cape Verde, tsibirai goma da ke kimanin kilomita 570 yamma da gaɓar Senigal, waɗanda suka sami 'yanci daga Fotugal a 1975. Jiri da amai na farkon tafiya sun wuce, kamun kifi kuwa bai ba ɗan bakin Neja wahala ba. Sai dai wanda ya tashi a bakin Neja bai san ana ƙirga ruwa ba, tunda daga cikin kwale-kwale hannu kawai zai miƙa ya ɗiba. Teku ba haka take ba. Kowace lita tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, wanda ya sha kuwa ƙishirwarsa ƙaruwa take yi.

Jirginmu yana da injin tace ruwan teku, wanda ke matsa ruwan da ƙarfi ta cikin wata matata mai laushi, gishiri ya tsaya, ruwan daɗi ya wuce tanki. Matatar nan ba ta jure mai, ba ta jure sinadarin kulorin. A tashar Palmeira da ke tsibirin Sal, inda jiragen masunta da na kaya ke tsayawa, ina ganin ƙyallin man dizal a saman ruwa da idona, kyaftin ya kunna injin. Na ce masa, "Maigida, a bari mu fita fili tukuna, kuma a ba ni jarkoki in cika a gari." Ya ce jarkoki nauyi ne kawai, injin ya ishe mu. Yaron jirgi ba ya jayayya da kyaftin, sai na yi shiru.

Ba mu gane ɓarnar ba sai da muka saki anga a Santa Luzia, tsibiri ɗaya tilo cikin goman da ba kowa a kansa, babu kanti, babu famfo. Shayin safe ne ya fito da ɗanɗanon gishiri. Matatar ta lalace, kuma da yake ba a ɗanɗana abin da take fitarwa kafin a juya shi cikin tanki, ruwan gishirin ya gauraye da mai kyan da muke da shi. Tanki ɗaya ne a jirgin. Abin da ya rage mana shi ne 'yan robobin ruwa da aka saya domin baƙi, ga iskar arewa maso gabas ta taso da ƙarfin da ya sa kyaftin ya ƙi ɗaga anga, ga hazon hunturu, wanda yake kaiwa har can, ya rufe farantan sola batir ya yi sanyi.

Muka koma raba ruwa da kofi. Wanka, wanke kwanuka da wanki duk da ruwan teku, har fata ta riƙa tsagewa. Alwala ce kaɗai ba ta dame ni ba, domin tun ina yaro Kawu ya karantar da ni hadisin da ke cikin Muwaɗɗa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne, saboda haka guga nake jefawa in yi alwalata, in duba kamfas kafin kabbara tunda jirgi a kan anga juyawa yake yi. Amma girki ya zama azaba, domin shinkafa tana cin ruwan da maƙogwaro ke jira, kuma duk lokacin da na auna kofi sai in tuna jarkokin da aka hana ni cikawa, waɗanda kuɗinsu bai kai na abincin dare ɗaya na baƙin ba.

Da iska ta lafa muka shiga Mindelo a tsibirin São Vicente, inda ruwan garin ma daga teku ake tace shi, don haka da kuɗi ake saye. Sabuwar matata sai da aka aiko daga Turai, baƙin suka gaji da jira suka hau jirgin sama, ladan da nake sa rai daga gare su ya tafi tare da su.

Duk yaron da ya zo mini da maganar wannan aiki, nakan ce kafin ya tambayi albashi ya tambayi tankuna nawa ne a jirgin, ya kuma ga jarkoki cike a ɗaure da idonsa. Kada a kunna injin tacewa a cikin tasha, kada ɗigo ɗaya ya shiga tanki sai an ɗanɗana. Idan kyaftin ya ce injin ya isa, to ya sayi jarka biyu da kuɗin aljihunsa ya ɓoye a ƙarƙashin gadonsa.