Ƙuri'a ɗaya da ta tsayar da mu har ƙarfe 10 na dare

Ina da shekara 11 lokacin da aka soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Abin da na fi tunawa shi ne mahaifina zaune a zaure, rediyo manne da kunnensa, bai ce uffan ba har aka kira magariba. A watan Nuwamba Abacha ya karɓi mulki, muka taso da sanin cewa akwai maganar da ba a yin ta sai an waiga. Don haka da na zo Amurka, na zauna a jihar Jojiya har na zama ɗan ƙasa, ina ganin babu wanda zai koya mini yadda mulkin kama-karya yake. A sanina da asuba yake zuwa, da kiɗan soja a rediyo da muryar wani hafsa yana cewa an jingine tsarin mulki.

Aikin rumfar zaɓe ne ya gyara mini wannan fahimta. Na fara shi a 2022. Aikin yini guda ne duk zaɓe, bayan ɗan horo, ladan kuma bai taka kara ya karya ba.

Tun kafin ƙarfe 6 na safe muke hallara a wani zauren coci da aka mayar rumfa. Mu yi rantsuwa, mu duba lambobin hatimin da aka rufe na'urori da su, a buga wata doguwar takarda mai nuna cewa babu ƙuri'a ko ɗaya a ciki, kowa ya gani da idonsa, a sa hannu. Ƙarfe 7 a buɗe ƙofa, ƙarfe 7 na yamma a rufe, sai dai wanda lokaci ya cim masa a kan layi dole a bar shi ya kaɗa. Shugabar rumfarmu wata dattijuwa ce baƙar fata da ta haura 70. Ta taɓa gaya mini cewa mahaifiyarta ba ta samu yin rajista ba sai bayan dokar 'yancin zaɓe ta 1965. Mataimakinta wani Bature ne, tsohon soja, wanda ko ba a faɗa ba ka san a siyasa sun yi hannun riga. Amma duk takardar da za a cike, tare suke sunkuyawa a kanta.

A daren farko, da muka zo haɗa lissafi, adadin mutanen da muka tantance ya ɗara takardun da na'ura ta ƙirga da ɗaya. Ɗaya tak. Ƙafafuna sun kumbura, tun asuba nake tsaye. Na ce mata, "Mama, ɗaya ce fa, ba za ta sauya komai ba. Mu rubuta mu tafi." Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Ɗana, sunana ne zai hau takardar nan. Ba na sa hannu a kan abin da ban gani ba." Muka koma muka bi komai daga farko. Can tsohon sojan ya gano ta a ɗaya daga cikin wuraren kaɗawa: wani ya buga takardarsa, ya ajiye, ya fita bai saka a na'ura ba. Aka rubuta bayani, aka sa ta a ambulan ɗinta, sannan aka liƙa sakamako a jikin ƙofa. Ƙarfe 10 ta gota.

A mota, kan hanyar gida, hankalina ya tafi ga ranar 2 ga Janairu, 2021. A ranar ne Donald Trump, yana shugaban ƙasa, ya buga wa Brad Raffensperger waya, jami'in da ke kula da zaɓen jiharmu, ya ce a nemo masa ƙuri'a 11,780. Joe Biden ya ci Jojiya a zaɓen 2020 da ratar 11,779, bayan an sake ƙirga takardu kusan miliyan 5 da hannu, aka kuma maimaita da na'ura. Raffensperger ɗan jam'iyyar Republican ne kamar Trump, amma ya ƙi. A Michigan wani lauya ɗan jam'iyyar, Aaron Van Langevelde, wanda ke cikin hukumar tabbatar da sakamakon zaɓe, ya amince da sakamakon jiharsa duk da matsin da aka yi masa. A Arizona kakakin majalisar jiha, Rusty Bowers, ya ƙi taɓa sakamako, ya kuma biya da siyasarsa, don a 2022 ya faɗi zaɓen fidda gwani. Ƙararraki fiye da 60 Trump da magoya bayansa suka shigar kan zaɓen, alƙalai suka yi watsi da kusan dukkansu, har da waɗanda Trump ya naɗa. Sai kuma Ruby Freeman da 'yarta Shaye Moss, ma'aikatan zaɓe irina a Atlanta, da aka yi wa ƙazafin maguɗi har uwar ta bar gidanta don barazana. A Disamban 2023 kotu ta ce Rudy Giuliani, lauyan Trump da ya yaɗa ƙazafin, ya biya su dala miliyan 148.

A nan na gane abin da dattijuwar take karewa. Duk mai son danne jama'a, hannu biyu Allah ya ba shi kamar kowa. Sauran hannuwan aro ne: akawun da zai rubuta, jami'in da zai buga hatimi, alƙalin da zai kau da kai. In waɗannan suka noƙe, umarninsa a baki yake tsayawa. Ni kuwa a daren nan, saboda gajiya kawai, na kusa ba da nawa hannun aro.

Ba na so a ɗauka ina raina waɗanda suka zaɓi Trump. A 2024 ya ci zaɓe, na yi aiki a ranar, lissafin rumfarmu ya fita daidai. A masallacinmu ma akwai waɗanda suka ba shi ƙuri'a, wasu don tsadar rayuwa, wasu don fushin abin da ya faru a Gaza. Kuma kayan aikin danniya ba shi ya fara ƙera su ba. Musulmin ƙasar nan sun san dokar tsaro da aka yi bayan harin 11 ga Satumba, 2001, sun san leƙen asirin masallatai a New York da aka bankaɗo a 2011, shugabannin jam'iyyun biyu kuma kowa ya ƙara wa kujerar shugaban ƙasa ƙarfi a zamaninsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma abin da na gani daga Janairun 2025 ya tayar mini da hankali. A ranar farko da Trump ya koma mulki ya yi afuwa ga mutum kusan 1,500 da aka tuhuma kan afka wa Majalisa ranar 6 ga Janairu, 2021. Cikin kwanaki aka sallami manyan masu binciken ma'aikatu kimanin 17. Dama a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ba shugaban ƙasa kariya mai faɗi daga tuhuma kan ayyukan ofis. An tura dakarun tsaron ƙasa Los Angeles da Washington. Har batun wa'adi na uku an taɓo, alhali tsarin mulki ya haramta shi tun 1951. Mu da muka san kalmar tazarce ba ma jin irin wannan mu yi dariya. Duk wannan kuwa babu kiɗan soja ko sau ɗaya. Takardu ne da sa hannu.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne bidiyon Rumeysa Ozturk, ɗaliba 'yar Turkiyya a Jami'ar Tufts. Ranar 25 ga Maris, cikin azumi, tana hanyar zuwa buɗa-baki, jami'ai cikin farin kaya, wasu da fuska a rufe, suka kewaye ta a titi suka tafi da ita. Abin da aka iya nunawa a kanta shi ne wani sharhi kan Gaza da ta rubuta tare da wasu a jaridar ɗalibai. Sai da ta yi makonni shida a tsare a Louisiana kafin alƙali ya ce a sake ta.

A Juma'ar makon da aka kama ta wani yaro ɗalibi, mai bizar karatu, ya tare ni a bakin masallaci. Ya ce, "Kawu, in goge abubuwan da na rubuta a Facebook?" Wani dattijo da ke kusa ya ce, "Goge, yaro. Mu baƙi ne, zama lafiya ya fi zama ɗan sarki." Ban ce wa yaron kada ya goge ba. Iyayensa sun sayar da gona don karatunsa, ba ni da hurumin yin jarumta da makomarsa. Abin da na ce wa dattijon shi ne, "Baba, shi yana da uzuri. Ni da kai da muke riƙe da fasfo ɗin ƙasar nan, mene ne namu?" Nauyin magana a kan wanda ba za a iya kora ba ya kamata ya hau.

Na kuma lura da yadda manya suka rabu biyu lokacin da gwamnatin Trump ta matsa wa kamfanonin lauyoyi da jami'o'i lamba. Wani babban kamfanin lauyoyi, Paul Weiss, ya sasanta da fadar shugaban ƙasa kan aikin kyauta na dala miliyan 40, Jami'ar Columbia ta amince za ta biya sama da miliyan 200. Kamfanonin lauyoyi huɗu kuwa suka tafi kotu, duka huɗun suka yi nasara a gaban alƙalan farko, haka ma Harvard. Masu kuɗi da ƙarfi ne suka fi saurin durƙusawa, abin da ya tuna mini 1998, lokacin da jam'iyyu biyar suka haɗu suka tsayar da Abacha shi kaɗai. Amma na tuna da Mayun 2006 ma, ranar da Majalisar Dattawan Najeriya ta binne wa'adi na uku a gaban kyamara, bayan sanatoci sun miƙe ɗaya bayan ɗaya kowa ya faɗi matsayinsa.

Yanzu abin da nake iyawa nake yi. Mun gayyato wata lauya masallaci ta koya wa mutane cewa ba dole ne su buɗe ƙofa ba sai an nuna takardar da alƙali ya sa wa hannu, kuma suna da 'yancin yin shiru. Mun buga lambar wayar ofishinta, mata suka liƙa a jikin firij. Na fara biyan kuɗin jaridar garinmu, ina zuwa zaman hukumar zaɓen gundumarmu, inda wani lokaci 'yan kallo ba mu kai goma ba.

Dattijuwar ta ce gwiwoyinta sun gaji, zaɓe mai zuwa ne na ƙarshenta. Ta sa sunana cikin masu karɓar horon shugabancin rumfa. Na amsa, na kuma kai mata matasa biyu daga masallacinmu, haifaffun nan, suka cike fom. Ɗayansu ya tambaye ni ƙarfe nawa ake tashi daga aikin. Na ce masa sai lissafi ya daidaita.