Ƙasimu ya faɗa ƙasan Zainab

Kwanaki na rubuta wani ɗan firogiram da C, wato wani yaren rubuta firogiram na kwamfuta, don jera sunayen ɗaliban islamiyyar unguwarmu, abu ne da nake ganin minti goma ya isa, sai gashi ya cinye min dare guda. Na yi amfani da wchar_t, nau'in harafi mai faɗi a C, saboda haruffanmu masu lanƙwasa, na jera da qsort mai jera abubuwa da wcscmp mai kwatanta rubutu biyu, ina bugawa sai na ga Ƙasimu da Ɗahiru can ƙasan takarda bayan Zainab da Zubairu, kamar ba da haruffan Hausa aka rubuta su ba.

Ashe shi wcscmp ba ruwansa da harshe, lambar harafi kawai yake dubawa. Z lambarta 90, Ɗ kuma a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa, 394 ce, Ƙ 408, to dole su koma ƙarshe, ko ƙaramin a ma bayan babban Z yake zuwa tunda shi 97 ne. Wanda ya san harshe shi ne wcscoll, shi yana bin tsarin LC_COLLATE, wato ƙa'idar jera haruffa ta harshen da aka zaɓa. Na canza, na sake gwadawa, wallahi babu abin da ya motsa. Nan ne na daɗe ina kallon allo. Duk firogiram ɗin C da tsarin "C" yake tashi, wanda shi ma lambar harafi kawai yake bi, in baka kira setlocale mai zaɓar tsarin harshe ba to wcscoll ɗin ma tamkar wcscmp ne ya sake riga.

Abin da ya faranta min rai shi ne a glibc, taskar kayan aikin C da ake amfani da ita a Linux, akwai ha_NG, wato tsarin Hausar Najeriya, wasu mutane sun zauna sun rubuta cewa ɗ na bin d, ƙ na bin k, har sh da ts an ba su nasu gurbi. Amma fa sai an girka shi a na'urar, in babu setlocale zai dawo da NULL ne, wato babu komai, shiru ba ƙorafi, shi ya sa yanzu kullum sai na duba abin da ya dawo da shi.

In sunayen na da yawa gara a bi da wcsxfrm, mai sauya suna zuwa siffar da ta dace da tsarin harshe, sau ɗaya a kan kowanne sannan a kwatanta da wcscmp, ya fi sauri. Ni dai nawa basu kai nan ba. Da na kira setlocale da ha_NG sai jerin ya gyaru. Da safe na kai wa malam takardar, Ƙasimu na nan bayan Kabiru inda ya kamata.