Shimfiɗa jini a kan gilashi don neman ƙwayar maleriya

A darasin ilimin ƙwayoyin cuta na jami'a, aikin da ya fi koya mini haƙuri shi ne haɗa gilashin gwajin zazzaɓin cizon sauro. Ɗalibai kan ɗora laifi a kan maikiroskop idan ba su ga komai ba, alhali yawancin gilasai tun a kan teburi suke lalacewa.

Ina goge gefen yatsa da sifirit, in bari ya bushe, sannan in huda. Ɗigon farko a share shi da busasshiyar auduga. A kan gilashi ɗaya nakan yi shimfiɗa biyu: mai kauri da siririya. Ta mai kauri ɗigo biyu ko uku ƙanana ne, a juya su da kusurwar wani gilashi har su zama da'ira mai faɗin santimita 1 ko ɗan fiye. Ma'aunin kaurinta mai sauƙi ne: ɗora gilashin a kan jarida kafin ya bushe, rubutun ya bayyana dishi-dishi. In bai bayyana ba jini ya yi yawa, kuma zai ɓare wurin wanki. Siririyar kuwa ɗigo ɗaya ce, a ja ta da gefen gilashi a karkace, kusan digiri 45, ja ɗaya ba tsayawa.

Ga inda aka fi yin ɓarna. Siririyar kaɗai ake sa wa metanol, sinadarin da ke kafe ƙwayoyin jini a kan gilashi. Ita mai kaurin so ake jajayen ƙwayoyin jini su fashe a cikin rini, haske ya ratsa, ƙwayar cutar ta fito fili. Metanol na kama su ya hana su fashewa, ko da tururinsa ne ya kai can. Shi ya sa nake karkata gilashin, siririyar tana ƙasa. Zafi ma haka yake yi, don haka ban yarda da shanya gilashi a rana ba, komai sauri. A kwantar da shi a inuwa, a rufe, saboda ƙudaje na lashe jini, ƙurar hunturu kuma na barin ɗige-ɗigen da ke rikita sabon ido.

Rinin Giemsa, wanda ke ba ƙwayar cutar launi don a gan ta, iri biyu ake dama shi. Na gaggawa kashi 10 cikin 100 ne, wato mililita 1 na rini a mililita 9 na ruwa, ya yi minti 10. Na kashi 3 kuwa, mililita 3 a 97, yana ɗaukar minti 45 zuwa 60, amma launinsa ya fi fita, kuma ya fi tattalin rini idan gilasai na da yawa. Ruwan dole ya kasance a pH 7.2, wato a ma'aunin tsamin ruwa. Wannan shi ne abin da na fi riƙewa: in ruwa ya yi tsami, komai sai ya koma ja-ja, jikin ƙwayar ya kasa ɗaukar shuɗi, in ya karkata ɗaya ɓangaren, shuɗi ya mamaye. Ruwan famfo ko na burtsatse ba a amince masa sai an auna. Rinin da aka dama a yi aiki da shi nan take, ragowar a zubar, kuma kada jiƙaƙƙen fifet (bututun ɗibar rini) ya shiga kwalbar asali.

Wurin wanki, kada a fara tsiyaye rinin. Akwai wani kumfa mai sheƙi da ke tasowa a sama. A kwarara ruwa a hankali ya tafi da shi, in ba haka ba ya manne a kan jinin.

A ƙarƙashin tabaran maikiroskop mai lamba 100 da ɗigon mai, abu biyu nake nema tare: jan ɗigo da shuɗin zobe. In ɗaya ya bayyana babu ɗayan, ba ƙwayar cuta ba ce. Plasmodium falciparum, wanda ya fi addabar ƙasar Hausa, yana da wani mataki mai siffar ayaba da ba ya ɓuya. Ba na rubuta "babu" sai na duba fili aƙalla 100 a mai kaurin, wato da'irar da ido ke gani a tabarau a leƙe ɗaya. In an samu, a ƙirga su daura da fararen ƙwayoyin jini 200: misali, ƙwayar cuta 120 sau 8,000 (adadin fararen ƙwayoyin da ake ƙiyasta akwai a maikirolita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita), a raba da 200, ya ba da 4,800 a kowace maikirolita ta jini.