Daga Idu Zuwa Rigasa Bayan Wata Takwas

A tsakiyar Disambar 2022 na shiga jirgin ƙasa daga tashar Idu da ke Abuja zuwa Kaduna, 'yan kwanaki bayan ya dawo aiki a ranar 5 ga watan. Wata takwas ya yi a ajiye, tun daren 28 ga Maris da 'yan bindiga suka tayar da bam a kan layin dogo, suka kashe mutane, suka yi awon gaba da fasinjoji masu yawa, waɗanda na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai a watan Oktoba. Sai da na ba da lambar shaidar zama ɗan ƙasa kafin a sayar mini da tikiti, kuma rabin kujerun taragonmu babu kowa a kansu.

Mun tsaya a Kubwa, muka wuce Jere, amma da muka doshi dajin da ke tsakanin Katari da Rijana, inda aka kai harin, sai hira ta mutu. Wata dattijuwa da ke gefena ta fito da carbi, ba ta mayar da shi jaka ba sai da gidajen Kaduna suka bayyana.

Abin da na tarar a Rigasa, unguwar da tashar jirgin take a Kaduna, shi ya sa na rubuta wannan labari. Tun kafin mu fito daga ƙofar tasha 'yan dako suka tarye mu da baro, masu keke Napep suna ta kiran Kawo da Kasuwa, 'yan mata ɗauke da farantan awara da dafaffen ƙwai suna ratsa mutane. Tun da aka buɗe wannan layi mai tsawon kilomita 186 a Yulin 2016, bakin tashar ya zama kasuwa, kuma gidaje da dama a wannan unguwa mai cunkoson jama'a da sawun fasinja suke ɗora tukunya.

Na zauna a bencin wani dattijo mai shayi, na ce masa, "Baba, yaya kasuwa?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗana, yanzu ne muka farfaɗo." Ya ba ni labarin yadda ya kwashe teburinsa a lokacin da jirgi ya tsaya, ya koma lebura a wurin gini duk da shekarunsa, yadda yaransa biyu suka zauna a gida saboda kuɗin makaranta, da yadda ciyawa ta fito a inda motoci suke layi. Da na tambaye shi ko ya taɓa shiga jirgin, sai ya girgiza kai, ya ce kuɗin tikiti ya fi cinikinsa na yini. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin duk lokacin da ake lissafin asarar da rufe layin ya jawo, kuɗin shigar hukuma da wahalar matafiya ake ambata, ba a tunawa da irinsa, alhali shi ne ya fi jin jiki.

Ina cikin shan shayin ya dubi rana, ya ce wa yaronsa ya ƙaro gawayi, ya kuma karɓo burodi goma a shagon maƙwabcinsa, saboda fasinjojin jirgin yamma sun fara isowa.