Buhu Biyar Masu Ɗauke da Sunana

Ranar Talatar da ta wuce na leƙa gidan ƙanena da yamma, na tarar da babban ɗansa a tsakar gida yana wanke wani bunsuru da omo. Bunsurun na tari, majina na zuba daga hancinsa, gashin bayansa ya tashi tsaye. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san dabbar da ba za ta kai wata guda ba. Na ce, "Ɗana, wannan fa?" Ya ce, "Baba, na ranar godiya ne. Rabin kuɗi na same shi a kara. An yi masa allura, zai tsaya da ƙafafunsa har a tashi sujada." Ya kuma nuna mini jan ƙyallen da zai ɗaura masa a wuya, ya ce abokinsa zai tsaya bakin ƙofar majami'a da waya ya ɗauke shi yana jan sa zuwa gaba, a sa a TikTok.

Na buɗe baki zan yi faɗa, maganar ta maƙale mini a wuya. Na gaishe da uwarsa na fito. Har na isa gida ban daina jin wani ɗanɗano a bakina ba, ɗanɗanon wani tuwo da na ci tun ba a haifi yaron nan ba.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne. Ina noma, ina kuma saye in ajiye, in farashi ya tashi in kai Saminaka in sayar. Lokacin da abin ya faru ban cika shekara 30 ba, kuma bai daɗe ba da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986. Wanda bai ga zamanin ba ba zai gane ba. Naira ta faɗi, komai ya yi tsada, ma'aikacin gwamnati da muke wa kallon mai hali ya koma cin bashin gari. Ni kuwa, da yake ina da abin sayarwa a rumbu, sai na ɗan ɗaga. Na sayi babur. Dattawa suka fara kiran sunana in ana maganar gyaran rufin majami'a. Yaron da jiya ake aika ya ɗebo ruwa, yau ana matsa masa a benci na gaba. Abin ya shige ni, ba zan ɓoye ba.

Da kaka ta zo aka sa ranar godiya. A ikilisiyarmu kowa yakan kawo daga abin da ya noma, wani dami, wani tiya biyu ta wake, wata kaza, wata ƙwaryar gyaɗa. Akan yi gwanjon wani sashi kuɗin ya shiga asusu, sauran a raba wa Fasto da mai bishara na ƙauye da gwauraye. Na ƙudura a raina cewa bana ba wanda zai kamo ni. Buhu biyar na masara zan kai, alhali mai ƙoƙari a lokacin buhu ɗaya yake kaiwa.

Sai dai sabuwar masara kuɗi ce, kuma ina da tsohuwa ta bara wadda ƙwari suka huda, ta fara zama gari, ba mai saye sai mai kaji. A kasuwa ba a iya wannan algus ɗin da sauƙi, domin dillali yakan soka ƙarfe a cikin buhu ya zaro tsaba daga tsakiya ya duba. A majami'a kuwa wa zai soka wa baiko ƙarfe? Na zuba mai kyau a gindi, na cika ciki da ta bara, na rufe baki da mai kyau, na ɗinke. Sannan na samo fenti na rubuta sunana da manyan baƙaƙe a jikin kowane buhu, don kada a yi kuskuren cewa na wani ne.

Ranar Lahadi samari biyar suka shigo da su a ka, mawaƙa na waƙa, mata na guɗa. Mai sanarwa ya kira sunana sau biyu. Fasto ya ce matasa su yi koyi da ni. Na sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi, amma a ciki daɗi nake ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Har yau in na tuna, wani sashi na zuciyata yana tashi ya kāre ni. Yana cewa ai ko an tsince mai kyan da ke ciki za ta kai buhu biyu, kuma buhu biyu sun fi abin da kowa ya kai. Yana cewa ai tsohuwar ma ba guba ba ce, a shekarun farin da suka gabata mun ci abin da bai kai ta ba. Yana cewa ina da ƙanne huɗu a makaranta, ubanmu ya rasu, ni ne uba. Duk wannan gaskiya ne, ban ƙara komai ba. Kuma ina ganin ikilisiya ma da nata, domin wanda ya fara kiran sunan mai bayarwa da lasifika shi ya haƙa ramin da irina ke faɗawa. Amma ba lasifika ce ta riƙe allurar ɗinkin buhun ba. Ni na riƙe ta.

Innarmu tana cikin Zumuntar Mata, kuma su ne masu rabon hatsin gwauraye. Ranar Laraba suka taru suka kwance buhu na farko. Suka auna mudu kaɗan, sai gari da ƙwari. Suka kwance na biyu, haka. Ga sunan ɗanta a jiki, ko makaho ya shafa zai karanta. Daga baya aka gaya mini ba wadda ta ce uffan a cikin matan, kuma shirun nan ya fi mata zagi ciwo.

Ba ta yi mini magana ba. Washegari da dare na dawo daga kasuwa da yunwa, ta ajiye mini akushi. Na buɗe, tuwon ya yi duhu, yana wani wari. Na kai loma ɗaya, ɗaci. Na ce, "Inna, wane irin gari ne wannan?" Ta ce, "Ci. Daga cikin abin da ka ba Ubangiji na ɗebo maka." Ta ɗauko tsohon Littafi Mai Tsarki nata, irin fassarar farko ta 1932 wadda da ita ta koyi karatu, ta buɗe Malakai sura 1 ta ce in karanta da ƙarfi. Wurin da Allah yake tuhumar firistoci da kawo masa makauniyar dabba da gurguwa da mara lafiya, har ya ce su kai wa gwamnansu irin wannan su gani ko zai karɓa. Tana zaune har na cinye akushin. Ina kuka, amma kukan haushi ne. Abin da ke cina shi ne matan gari sun sani.

Da sassafe na kai sabbin buhu biyar, na kwashe waɗancan. Na so a ce labarin ya ƙare a nan, da ya yi daɗin bayarwa. To, abin da ya biyo baya shi ne wanda na fi jin kunyarsa, kuma shi ya fi daɗewa.

Na rantse ba za a sake kama ni da abin kunya ba. Daga shekarar nan kullum mafi kyan amfanin gonata nake kaiwa, zakka kuwa ko kwabo ba na ragewa. Sai idona ya buɗe a kan baikon mutane. Nakan zauna ranar godiya ina auna kowa: wancan gonarsa ta fi tawa amma dubi ɗan abin da ya kawo, waccan mijinta ma'aikaci ne amma kaza ɗaya. Aka zaɓe ni dattijon ikilisiya, na zama mai tsanani. Akwai wata gwauruwa da ta kawo 'yar ƙwaryar dawa wadda ba a sheƙe da kyau ba, na ce da ita a gaban mutane, "Mama, Allah ba ya cin ƙaiƙayi." Ni, mai buhun ƙwari. Matar nan tana cikin waɗanda aka so a ba masarata a wancan lokacin, ta san komai, amma ta ce, "To, ɗana, na ji." Ta rasu ban nemi gafararta ba. Wannan ba ya gyaruwa.

Shekara da shekaru ina karanta Luka 18, labarin Bafarisiyen da ya tsaya a Haikali yana lissafa wa Allah azuminsa na sau biyu a mako da zakkarsa, yana gode masa da bai zama kamar mai karɓar harajin da ke gefe ba. Har na koyar da shi a makarantar Lahadi. Ban ga fuskata a ciki ba sai da na haura 50. A zatona zunubina na fari rowa ce, na kuma warke daga ita. Ashe rowa 'yar rakiya ce kawai. Abin da ya sa na cusa ruɓaɓɓiyar masara shi ne dai ya sa daga baya na riƙa kai mai kyau: ina so a ce ba kamata. Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5 ba don sun rage kuɗin gona suka mutu ba. Bitrus da bakinsa ya ce gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne, da sun ga dama su riƙe. Sunan wanda ya ba da duka suka so, a farashin wanda ya ba da wani sashi. Ni ma abin da na saya ke nan da fenti na.

A dā nakan ji tausayin Kayinu, don manomi ne irina, ina cewa me zai kawo in ba amfanin gona ba? Sai da na lura Farawa sura 4 ta ce Habila ya kawo 'ya'yan fari na garkensa da kitsensu, shi kuwa Kayinu "daga cikin" amfanin ƙasa kawai aka ce. Kuma da aka ƙi nasa bai koma rumbu ba, kan ɗan'uwansa ya koma. Ni ma kan gwauruwa na koma.

Da na zauna rubutun nan na yi niyyar jera muku shawara goma, ku samari da 'yan mata. Na ga ba ni da su. Kuma gaskiya ina shakkar ko za ku kai nan da karatu, ku da wa'azin minti ashirin ke gundura, kuna zaune a sujada yatsa na kan waya. Kuɗin data ba ya gagarar ku, amma in faranti ya zo sai a lalubo takardar da ta yage wadda mai shago ya ƙi karɓa. Mu aƙalla muna jin kunya in an kama mu. Ku kuwa da kanku kuke ɗaukar abin a bidiyo. Ko da yake, da akwai waya a zamanina, na san da na ɗauko mai ɗauka.

Ga abin da nake da shi. In tiya ɗaya kake iyawa, kai tiya ɗaya mai kyau, ka koma ka zauna. Ba wanda ya aza maka buhu biyar, ba wanda ya ce sai bunsuru. Gwauruwar da Yesu ya yaba a Markus 12 anini biyu ta saka. Kuma kada ka kai abin da kake neman inda za ka yar. Sarki Dauda, da Arauna ya ce zai ba shi masussuka da shanu kyauta don hadaya, ƙi ya yi, ya ce ba zai miƙa wa Allah abin da bai biya komai a kansa ba, ya biya shekel 50 na azurfa. In abin bai taɓa ka ba, bai isa ba.

Kada ka rubuta sunanka. Matiyu 6 ta ce ko hannun hagunka kada ya san abin da na dama yake yi. Ka kai da dare, ka ba ma'aji, ka hana a sanar. Amma kuma, in na faɗi gaskiya, sunan nan ne ya cece ni. Da ban rubuta ba, da ba wanda ya san buhun waye, da na maimaita baɗi da baɗin baɗaɗa, da na tsufa a haka. Na kuma san masu fakewa da "ni a ɓoye nake bayarwa" alhali ba sa ba da ko sisi. To, ban san yadda zan haɗa muku biyun nan ba. Ka ɓoye wa taro, amma a samu mutum ɗaya da zai iya kwance bakin buhunka ya duba tsakiya, wanda ba ya tsoron ɓacin ranka. Nawa Inna ce, kuma ba ni na zaɓe ta ga aikin ba.

In kuma Allah ya taimake ka ka fara ba da mai kyau, cire idonka daga ƙwaryar maƙwabcinka. Wannan shi ne mai wuyar, ni har yau ina fama. Ko ranar Talatar nan, da na ga yaron da bunsurunsa, abin da ya fara zuwa mini shi ne, dubi 'ya'yan zamani. Sai daga baya tuwon ya dawo mini.

Saura kwana huɗu godiya. Yaron bai san labarin buhu biyar ba, ubansa yana ƙarami lokacin, matan da suka sani kuwa yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. A idonsa ni ne dattijon da bai taɓa tauye wa Allah mudu ba, kuma na bar shi a haka shekara da shekaru don yana mini daɗi. Gobe in Allah ya kai mu zan je tun kafin ya fita shago. Ina da wata 'yar tunkiya lafiyayya, zan ce ya zo ya biya ni a hankali, bunsurun kuma a kai shi wurin likitan dabbobi. Amma kafin maganar tunkiya zan zaunar da shi in fara daga fenti.